Giwan Ruwa a Goran Baba Kolo

A unguwarmu ta Hadejia babu mai kiran Nu'uman da sunansa na yanka kaɗai, sai an haɗa masa da Na-iya. Ba gadon sunan ya yi ba, bakinsa ne ya jawo masa. In aka ce injin ban-ruwa ya ƙi tashi, ya iya. In aka ce akuya ta kasa haihuwa, ya iya. Ranar da aka yi hirar jirgin sama a teburin Ari mai shayi ma cewa ya yi tuƙin ba wuya, wajen birki ne kawai sai an lura. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa gyaran keke, ya taɓa aski, kuma kowace sana'a hujja ɗaya yake barinta da ita, wai ta yi masa kaɗan. Waɗanda ya yi wa askin suna da tasu hujjar, amma sun rufe ta da hula.

Da haka zai ci gaba da rayuwarsa cikin rufin asiri, ba don Mairam ba. Mairam bazawara ce mai bandar kifi a bakin kasuwa, 'yar Baba Kolo masunci. Nu'uman ya daɗe yana zarya wurinta, ya kai turare, ya kai sabulu, ya kai atamfa mai ruwan ganye. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Ta ce yana ba ta dariya, abin da mijinta na fari bai taɓa yi ba ko da kuskure. Kuma gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Nu'uman, duk ƙaryarsa, son da yake yi wa Mairam ba ƙarya ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin Baba Kolo. Tsoho ne da iyayensa suka taso daga wajen Tafkin Chadi, maganarsa kaɗan, kallonsa da yawa. Ya ce ya taɓa bai wa mai surutu 'yarsa ta dawo masa a rame, ba zai maimaita ba.

"Ka zo mini da sana'a a hannunka in gani da idona," in ji shi. "Daga nan zuwa ranar su. In aka fito daga ruwa ban gani ba, kada ka sake yi mini sallama da wannan magana."

Ranar su kuwa ita ce ranar da Sarkin Ruwa ke buɗe babban tafkin da ke hanyar Kirikasamma, wanda ake hana taɓawa tun janyewar ambaliya, kowa ya faɗa da goransa da homarsa ta kamun kifi. Ba ta da nisa, don rani ya riga ya yi nisa.

Ana cikin haka Tukur mai gyaran waya ya nuna mana wani bidiyo a teburin shayi. Wani bature ne riƙe da abu kamar alƙalami mai igiyar lantarki, yana ƙona katako a hankali, gashi ɗaya bayan ɗaya, har mujiya ta fito tana kallonka kamar za ta ƙifta ido. Ari ya ce shi abin da ya dame shi, duk tsuntsayen Allah mutum ya rasa na zanawa sai mujiya. Nu'uman ya karɓi wayar ya kalla sau biyu, ya ajiye, ya yi murmushin wanda aka tono wa tsohon sirri.

Ya ce ai wannan ya daɗe da iyawa, shiru kawai ya yi don gudun baki. Nan take ya buɗe mana makaranta. Da fari a goge katako da sanfefa har ya yi santsi. Zafi kaɗan shi ke ba da haske, zafi da yawa shi ke ba da inuwa. Gashin tsuntsu a bi shi yadda ya kwanta, ido kuma a bar shi ƙarshe, don shi ne ran hoto. Duk abin da baturen ya nuna ne, amma yadda Nu'uman ke faɗa sai ka rantse baturen ne ya yi zaman koyo a zaurensu. Ya ce baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya za su yi layi a ƙofar shagonsa, kuma zai ɗauki Tukur aikin share shagon in ya nuna ladabi.

Tukur, don son ganin ƙwal uwar daka, ya ara masa ƙarfen da yake narka dalma da shi. Sai aka shiga jiran wuta. Nu'uman ya jona ƙarfen a shagon da ke jikin teburin Ari, ya zauna ya tasa shi a gaba kamar mai jinya. Da aka kawo wutar, bai nemi katako a ko'ina ba, ya durƙusa a gaban bencin Ari ya ce zai yi masa gauraka kyauta, albarkacin maƙwabtaka. Ya yi ƙafa ɗaya aka ɗauke. Ya jira. Aka dawo da ita ya yi ƙafa ta biyu, amma tun da ya manta inda ya sa ta farko, tsakaninsu ya kai taki guda. Haka aka yi ta yi har la'asar, wuri ya cika da ƙaurin katako.

Da ya ce ya gama muka taru. Wani ya ce lema ce da iska ta karya. Wani ya ce a'a, buta ce aka soka wa tsintsiya. Tukur ya zagaya ta ɗaya gefen ya ce daga nan kuma ta fi kama da keken ɗinki. Ari ya daɗe yana duban bencinsa, sannan ya dafa kafaɗar Nu'uman.

"Na ji malamai na cewa a guji zana abu mai rai," ya ce. "To kai dai ka kwantar da hankalinka, ba ka da laifi ko kaɗan. Allah bai halicci mai kama da wannan ba."

Nu'uman ya ce laifin ƙarfen ne, ba ya zafi yadda ya kamata. Kafin wani ya ankara ya cusa shi cikin garwashin shayi, wai ya ƙara masa ƙarfi. Mariƙin roba ya narke ya zuba, hayaƙi ya kore masu shan shayi, Tukur ya tsaya riƙe da igiya, ita kaɗai ta rage masa. Nu'uman ya ce dama kayan zamani ba su da ƙarko, shi ya sa manyan gwanaye ba sa dogara da su.

Daga nan ya nufi gida wurin kakarsa 'Yar'azumi, wadda a hannunta ya tashi. Ita kam tun tana budurwa take zanen ƙwarya da wuta. Tana da 'yan ƙarafunanta da take jerawa a garwashi, ta ɗauki wannan ta ja layi ta mayar, ta ɗauki wancan. Nu'uman ya ce ta ara masa, zai nuna mata yadda ake yi a duniya, don ita shekara da shekaru ba ta wuce layi-layi da ɗigo-ɗigo ba.

"Angona," in ji ta, "layi-layin nan ne ya ciyar da kai har bakinka ya yi wannan tsawo. Ƙarfena lasar fatar ƙwarya yake yi ya wuce. Kai kuwa ko ƙuma aka ce ka kashe sai ka rushe ɗaki."

Ya ce kishi ne ke damunta don zai yi mata amarya. Ta ce in dai Mairam ce, ta yafe mata shi har da kuɗin cefane, in ta samu. Ta tattara ƙarafunanta ta zauna a kan jakar. Dole ya koma ga ƙusoshi da filaya da murhun gawayi, ya ce dama asalin sana'ar ke nan.

Sai kuma ya tuna baturen ya ce mai zanen gaskiya sai ya kalli dabba a inda take rayuwa. Da sassafe ya saka farar riga ya gangara fadama da fensir a kunne. Ya hango zalɓe tsaye a bakin ruwa, ya fara sanɗa. Zalɓen ya bari sai da ya matso, ya tashi ya sauka gaba kaɗan. Ya sake bi, ya sake matsawa. Haka tsuntsun ya yi ta jansa har cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, inda Nu'uman ya nutse a taɓo har cinya, takalmi ɗaya ya yi sallama da shi. Da ƙyar ya fito ta gonar shinkafar wani Usman, yana tsalle yana kaɗa hannuwa yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙafafunsa. Garken tsuntsayen jan-baki da ya addabi gonar tun asuba ya tashi gaba ɗaya ya bar wurin. Usman ya taho da gudu ya riƙe hannunsa yana godiya, ya ce duk masu korar tsuntsun da ya taɓa ɗauka babu kamarsa, in zai riƙa zuwa kullum ga abincin rana. Nu'uman ya fizge hannunsa ya ce shi mai fasaha ne. Usman ya dubi taɓon da ke jikinsa ya ce ai ya gani.

Ya dawo gida da siffar zalɓe a ransa. Babu katako, sai ya ɗauki muciyar Kaka. Ya fara daga baki, ya ja wuya, ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa, yana yi masa ɗigo-ɗigon gashi. Wuyan ya yi ta tafiya har muciya ta ƙare ba a zo jiki ba. Ya jingine ta a lungun madafa ya tafi neman shawarar inda zai sa ƙafafu.

Aziza maƙwabciyarsu ta shigo aron muciya. Ta miƙa hannu lungun, ta ga abu baƙi mai zane ya nannaɗe, kai a sama. Ihun da ta yi sai da ya tashi kajin unguwa. Maza suka shigo da sanduna, aka rufar wa muciya har ta zama itacen hura wuta, sannan wani mai ƙarfin hali ya ɗaga guntun ya ga ashe macijin a jikin icen yake. Ranar Kaka da ludayi ta tuƙa tuwo, tana yi tana ambaton sunan jikanta ba da alheri ba.

Wani da kunya za ta kama shi. Nu'uman kuwa kafin azahar ya kai labarin kasuwa. Ya ce ya zana maciji, tsabar kamanni har sai da unguwa ta taru ta kashe shi. Maganar zalɓe bai sake tayar da ita ba, mu ma da muka sani muka yi shiru don mu ga ƙarshen abin. Labari ya yi ta ƙaruwa a hanya. Kafin ya isa Kafin Hausa an ce macijin har ya sari mutum.

Ta haka ya shiga kunnen Baba Kolo. To shi Baba Kolo, duk tsare gidansa, yana da lagonsa. Tun yana saurayi ya kama wani giwan ruwa, kuma shekarun nan duka yana ba da labarin girmansa babu mai gaskatawa, don waɗanda suka gani duk sun riga mu gidan gaskiya. Wannan abu yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. Nu'uman ya san haka. Ya je ya durƙusa ya ce shi zai dawo da kifin nan duniya, ya zana shi yadda yake, a wurin da duk masunta za su gani ranar su, wato a jikin goran Baba.

Goran nan ba ƙaramin abu ba ne. Irin manyan nan ne da masunci ke kifa cikinsa a kan bakinsa ya yi ta yawo bisa ruwa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Na Baba Kolo babu kamarsa a yankin, mutum biyu ke haɗa hannu su zagaye shi. Daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi, ya yi ja ya yi sheƙi don tsufa, ko jikokinsa ba ya bari su taɓa. Baba Kolo ya shafa gemu. Sannan ya ce a yi, amma a zaurensa, a gabansa.

Da Mairam ta ji, ta aika aka kira Nu'uman wurin bandarta. Ta bar kifi a kan waya ta juyo, babu wasa a fuskarta. Ta ce goran nan ya girme ta, kuma ranar da mahaifiyarta ta rasu ma goran Baba ya zauna yana shafa wa mai har yamma, don ya rasa inda zai sa kansa.

"Nu'uman, babu kowa a nan sai ni," ta ce. "In ba ka iya ba ka faɗa mini, ni zan san yadda zan yi da Baba. Ko korar tsuntsu ce sana'a ce, ni ban raina ba. Ka iya, ko bakin ne?"

Ya dubi ƙasa. Wanda ya san shi zai ce saura ƙiris ya faɗi gaskiya. Amma hali zanen dutse.

"Na iya," ya ce.

Aka kafa murhu a zauren Baba Kolo. Nu'uman ya zana kifi da fensir, tsawon kamu biyu. Baba ya leƙa ya ce wannan ai jikan wanda ya kama ne. Aka ƙara. Ya ce ɗansa ne ya girma. Nu'uman ya fara bi da ƙusa mai zafi, yana ja Baba na cewa a ci gaba, a ci gaba, shi kuma yana juya gora. Kai ya tafi gabas, jiki ya bi ƙugun gora ya zagaya ta baya, kwana da kwanaki ana abu ɗaya, har ranar da wutsiya ta zagayo ta taɓa bakin kifin. Nan Baba Kolo ya numfasa ya ce to, ya kusa.

Sai batun inuwa. Nu'uman ya ce layin cikin kifi shi ke ɗauke da nauyin hoto, dole ya yi baƙi ƙirin. Ya sa ƙusa ta yi ja kamar gauta, ya bi layin nan tun daga baki har wutsiya, ya dawo ya sake bi. Ɓawon jikin kifin ma ɗaya-ɗaya ya danna su. Da ya zo ido, ran hoto, ya tattara duk fasaharsa ya danna, ƙusa ta wuce salin alin har filaya ta daki gora. Allah ya taimake shi Baba ya fita alwala. Ya ɗaga goran ya leƙa ta baki, ya ga haske na shigowa ta idon, da kuma ta wasu ƙananan wurare jere reras a kan layin ciki, kamar rufin ɗakin da ya sha damina.

Ya ce wa Baba saura aikin sheƙi, wanda sirri ne, sai a gida. Ya ɗora gora a ka ya tafi. A hanya dabara ta zo masa, irin wadda duk wanda ya yi karatun allo zai iya tunawa. Me ke sa tawada ta yi baƙi ta yi ƙyalli ta kama allo? Ƙaro. Ya sayo ƙaro mai yawa ya jiƙa, ya daka gawayi ya tankaɗe, ya kwaɓa da kauri. Ya cike ido, ya cike ramuka, ya shafe layin ciki, ya bi duk jikin kifin ya shanya a rana. Da ya bushe, wallahi abin ya yi kyau. Ƙaron ya rufe duk karkacewar, kifi ya fito baƙi sumul yana ɗaukar ido. Daga nesa, in ka riga ka san kifi ne, kifi za ka gani.

Kaka ta zo wucewa ta tsaya. Ta lashi yatsa ta goga a wutsiyar, ta duba yatsan.

"Angona, wannan ai tawada ce."

Ya ce sunanta a turance daban ne.

"To ka tambaye ta da turancin ko ta iya ruwa."

Ya ce tsofaffi ba sa son ci gaba. Ta ce ita dai za ta je su ɗin nan ko a kan jaki ne, don rabonta da kallo mai kyau tun bikin uwarsa.

Ranar su bakin tafki ya cika maƙil. Mutanen Miga sun zo, na Kirikasamma sun zo, makaɗa na kiɗa, mata sun jera tukwane. Masunta sun yi sahu da gorunansu, amma idon kowa na kan na Baba Kolo. Aka kewaye shi ana salati. Baba ya tsaya yana bi da yatsa daga baki zuwa wutsiya, yana cewa ga shi nan, haka yake, har ma an rage. Nu'uman ya sha babbar riga ta aro yana gefe yana bayani, cewa wannan somin-taɓi ne, baɗi dorina zai yi wa Sarkin Ruwa a jikin kwalekwale. Har Baba ya dube shi ya gyaɗa kai sau ɗaya. Mairam na can cikin mata, ita kaɗai ce ba ta dariya.

Sarkin Ruwa ya ba da izini, aka ruga cikin ruwa. Baba Kolo ya kifa ciki a kan goransa ya yi gaba kamar saurayi. Hannunsa na da sa'a ranar, kafin wasu su jiƙa homa ya jefa tarwaɗa uku a ciki, ya ƙara da wani ƙaton kifin bargi da ya sa bakin tafki ya ɗauki sowa.

Tukur ne ya fara lura. Ya ce mu duba bayan Baba. Wani baƙin layi ne ke binsa a kan ruwa, duk inda ya juya yana biye. Ari ya ce kifayen tafkin nan yau sun sha rubutu, ba mai sake kama su. Muna kallo wutsiyar giwan ruwa ta dushe, bayansa ya bi. Baba ya sa hannu ya share fuska, farin gemunsa ya koma na ɗan shekara talatin. Sai kuma muka ga kamar yana gajarta. Da ƙirjinsa a sama yake, ya koma sai kafaɗu, ya koma sai wuya. Ya ɗaga jiki ya leƙa cikin gora, ya ga kifayensa na iyo cikin walwala.

Ya yunƙura zai juyo gaɓa, ya danna da ƙarfi. Aka ji ƙas. Goran ya rabu biyu daidai kan layin cikin kifi, tun daga baki har wutsiya, tsaf kamar an sa zarto. Gindin ya sulale gefe, tarwaɗa suka fice, bargin ya daki ruwa da wutsiya a fuskar Baba ya yi tafiyarsa. Kiɗa ya tsaya.

Shi Baba Kolo a ruwa aka haife shi, ko a jikinsa. Nu'uman ne ya ga dama ta ƙarshe. Ya yi kururuwa cewa a ba shi hanya ya iya ruwa, ya faɗa da babbar rigarsa. Rigar ta buɗe ta cika, ya yi sama ya yi ƙasa, ya sha na farko ya sha na biyu. Da ƙyar Baba ya iso ya damƙi wuyan rigar, ya jawo shi gaɓa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da saman goransa. Ya shimfiɗe shi a gaban jama'a kamar kamun ranar. Wani daga baya ya ce a kai wa Sarkin Ruwa a auna, ƙila shi ne na ɗaya.

Dariyar da aka yi ba ta faɗuwa. Har Kaka, daga inda take zaune a kan tabarma, ta ce ita ta san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba ta taɓa jin wanda ya fafe shi ranar su da mai shi a kai ba. Nu'uman yana tari yana amayar da ruwa yana cewa ruwan tafkin ne ke da kanwa. Amma da aka miƙo wa Baba gindin goran, ya haɗa shi da saman ya riƙe a ƙirji, gemunsa na ɗigar baƙin ruwa, sai dariyar ta fara mutuwa da kanta. Bai zagi kowa ba. Ko kallon Nu'uman bai yi ba. Mairam ta fito daga cikin mata ta yafa wa mahaifinta mayafinta a kafaɗa, suka bi hanyar gida.

Washegari da hantsi Aziza ta yi sallama da kaya a ka, ta ce daga gidan Baba Kolo aka ba ta ta kawo. Ta sauke a tsakar gida. Goran ne, an wanke shi tas, an kifa saman a kan gindin ya zauna daram. Tawada ta tafi, sai ƙonannen layi da ramuka, babu abin da ya yi kama da kifi. Nu'uman ya fito ya zagaya shi, har ya fara cewa a duba yankan nan, duk Hadejia wa zai raba gora daidai haka ba tare da zarto ba. Yana cikin faɗa ya leƙa ta bakin.

Atamfa mai ruwan ganye ce a sama, a ninke yadda ya kai ta. Ƙarƙashinta turare da sabulu. Ya tambayi Aziza ko an ba ta saƙo. Ta ce Baba bai ce komai ba. Mairam ce ta rako ta har ƙofa, ta ce a gaya masa ba goran ne ya fi yi mata ciwo ba, ita ta tambaye shi lokacin babu kowa.

Nu'uman ya zauna a ƙasa a gefen goran. Kaka ta daɗe tana dubansa, tana jira ya ce dama shi ne ya fasa auren, ko dama Mairam ta yi masa kaɗan. Bai ce ba. Ta matso ta dafa kansa, wannan karon ba da tsokana ba.

"Sai haƙuri, Nu'uman."

"Kaka," ya ce, "wannan kam ban iya ba."

Tsohuwar ta janye hannunta daga kansa. Ta share ido da bakin zane, sannan ta juya wurin Aziza da ke shirin fita.

"Dawo ki zauna, 'yar nan. Kin dai ji da kunnenki. In na faɗa ni kaɗai a unguwar nan, cewa za a yi na fara ruɗewa."